Zane Mai Tudu: Daga Fatar Baduku Zuwa Katin Biki

Da zarar kaka ta yi, manoma sun shigar da amfanin gona rumbu, sai bukukuwa su kankama a Zadawa da sauran garuruwan da ke kewaye da Azare. A irin wannan lokaci masu buga katin gayyata ba su da hutu, domin kuwa ɗaurin aure da walimar saukar karatu duk da kati ake sanar da su. Katin da mutane suka fi sha'awa kuwa shi ne wanda zanensa ya taso, watau mai tudu, wanda in an shafa shi da yatsa za a ji shi.

Wannan ado ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan injin ɗab'i dukawa suke yin sa a kan fata. Majemi zai jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, sa'an nan baduku ya ɗan jiƙa ta, ya ɗora mata wani ɗan ƙarfe mai zane a bakinsa wanda maƙeri ya ƙera, ya buga. Inda ƙarfen ya sauka sai wurin ya lotsa, gefensa ya taso. Da haka ake ƙawata gafaka da tadarishin littafi da kuben takobi. Ƙasar Katagum, wadda Malam Zaki ya kafa masarautarta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Barno, hanyar da Bature Kilafatan ya biyo a 1824, kayan fata kuwa suna cikin hajar da Kano ta yi suna da ita a wancan zamani.

A maɗaba'a hanya biyu ake bi a sami tudu na haƙiƙa a kan takarda. Ta farko ita ce a matse katin tsakanin ƙarfe biyu, ɗaya mai tudu, ɗaya mai rami, kamar yadda hatimin kotu yake yi. Ta biyu kuwa a barbaɗa wani gari a kan tawada tun ba ta bushe ba, a gasa shi da zafi har ya narke ya kumbura. Dukkansu biyu suna bukatar kayan aiki masu tsada, shi ya sa kuɗin irin wannan kati ya ɗara na sauran.

To, akwai hanya ta uku wadda ba ta bukatar inji ko wutar lantarki, ita ce ta hatimin roba mai gare. Shi wannan hatimi, an naɗe robar da ke ɗauke da zanen ne a jikin ɗan gare mai mariƙi, in aka shafa masa tawada aka gara shi, sai ya yi ta maimaita zanen ba yankewa. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, gama mutanen ƙasar da ake kira Iraƙi a yau sun yi ta mirgina hatimin dutse a kan ɗanyen yumɓu fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Hatimin roba kuwa bai samu ba sai bayan da Charles Goodyear na Amurka ya yi rajistar hanyarsa ta ƙarfafa roba a 1844.

Ga yadda ake aikin. A sami kati mai kauri, mai launi tsaka-tsaki kamar ruwan ƙasa ko shuɗi. A aza rula a gefensa don kada garen ya karkace, a gara shi da farar tawada, a bari ta bushe sarai. Daga nan a wanke robar, a shafa mata tawada mai launin katin amma wadda ta fi shi duhu, a koma daidai inda aka fara, a gusa da rular ƙasa kaɗan, kimanin milimita 1, a sāke garawa. Farin da ya leƙo ta sama zai zama kamar haske ya bugi zanen, duhun kuwa kamar inuwa. Da yake ido ya saba ganin haske yana saukowa daga sama, sai ya ɗauka zanen ya taso, alhali kuwa katin a shafe yake. In gusawar ta yi yawa, sai zanen ya fito biyu, aikin ya lalace. Hakanan zane mai kaurin layi, irin su dagi, ya fi siriri fitowa.

Amfanin wannan a fili yake. Saurayi ko matar aure da ke cikin gida za su iya ƙawata kati masu yawa da ɗan jari kaɗan. Bugu da ƙari, masu sassaƙa hatimin roba da aska, waɗanda kwamfuta ta rage wa ciniki, za su iya kwafo zanen tsofaffin dukawa su sassaƙa, kafin zanen ya bi masu shi kabari.

Amma fa akwai abin lura. Kama da Wane ba Wane ba ne. Tudun da aka yi da inuwa ado ne kurum, ba ya zama shaida. Mai mugun nufi yana iya yin irin wannan dabara a kan takardar fili ko takardar shaidar makaranta, ta yi kama da wadda aka buga wa hatimin ƙarfe, ya cuci wanda bai sani ba. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa takarda mai irin wannan hatimi, to, ya shafa wurin da yatsa, sa'an nan ya juya bayanta. Hatimin ƙarfe na gaskiya yakan bar rami a baya daidai inda ya yi tudu a gaba. In bayan a shafe yake, kada ya biya ko kwabo sai ya je ofishin da aka ce takardar ta fito ya tabbatar.