Laifin iska ne, amma kafireta ake duka

Idan aka shiga kwasar albasa a kwarin Tarka, daga Sabon Gida zuwa Madawa, da kuma wajen Galmi, manyan motoci ne ke ɗaukar buhuna zuwa ƙasashen bakin teku. Amma kafin buhu ya ga kwalta, sau da yawa wata tsohuwar a-kori-kura ce ta fito da shi daga garka: Peugeot 404, ko 504, ko Toyota Hilux ta zamanin da. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya buɗe a 1975, ya kuma ci gaba da haɗa ta shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Shi ya sa har yau kayan gyaranta ke shigowa ta Illela da Ƙonni, kuma shi ya sa kafireta, wadda sababbin motoci suka yi watsi da ita tuntuni, take nan da ranta a garejin Madawa da Buza da Keita.

Kukan direbobi kusan iri ɗaya ne. Mota ba ta riƙe ralanti, da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Ko kuwa ralantin ya dinga hawa yana sauka shi kaɗai. Ko a taka ta yi tari, ta yi atishawa ta bakin kafireta, sannan ta ɗauka. Abin da aka saba yi kuma sananne ne: yaron gareji ya kwance kafireta, ya wanke da fetur, ya hura, ya mayar. In ba ta canja ba, sai a buɗe sukurin mai, a ƙara sukurin ralanti, har injin ya daina mutuwa. Mai mota ya biya ya tafi, ciwon kuma yana nan inda yake.

A ganina, cikin irin waɗannan motoci da yawa kafireta ba ta da laifi. Aikinta awo ne kawai. Fistin na sauka yana zuƙo iska, iskar ta bi ta wani ƙuntataccen maƙogwaro a cikin kafireta, saurinta ya ja fetur daga jet, su gauraya. Ma'aunin da fetur ke ƙonewa sarai shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na mai. Kafireta tana auna mai ne gwargwadon iskar da ta ratsa ta cikinta. To idan akwai tsaga a ƙasa da ita, tsakaninta da bawul, injin zai sha wata iskar da ba a auna mata mai ba, gaurin ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Abin ya fi tsanani a ralanti, domin lokacin ƙofar totur a rufe take, zuƙar cikin manifol ta kai ƙarshen ƙarfinta, man da ake bayarwa kuwa ɗan kaɗan ne. Da an taka, ƙofa ta buɗe, iskar sata ta zama ba a bakin komai ba, mota ta yi gudu kamar lafiyarta ƙalau. Wannan bambancin tsakanin tsayuwa da gudu shi ne shaida ta farko.

Ƙasarmu kuwa ta tanadi duk abin da ke buɗe wa iska hanya. Zafin watan Afirilu da ke wuce digiri 40 yana busar da tiyon roba har ya tsage, yawanci daga ƙasa ko daidai bakin da aka cusa shi, inda ido ba ya kai. Hanyoyin duwatsun Adar, wajen Buza da Keita, suna girgiza notin kafireta da na manifol su saki. Sai wani ya zo ya ɗaure su da ƙarfin tsiya, gindin kafireta mai laushin ƙarfe ya lanƙwashe, gasket ya daina kamawa. Ƙurar hunturu ita ma tana nata aikin a hankali: tana shiga ramin da sandar ƙofar totur ke juyawa, ta ci shi har sandar ta fara rawa, iska ta samu mashiga ta gefe. Akwai kuma wurare biyu da ake yawan mantawa. Ɗaya babban gangan nan na bayan fedar birki, wanda ke aron zuƙar injin don sauƙaƙa taka birki. In robar cikinsa ta yage, birki zai yi tauri, kuma ralanti zai canja duk lokacin da aka taka shi. Na biyu ƙaramin gwangwanin da ke jikin dalko mai gaggauta wuta.

Gano wurin ba ya buƙatar kwamfuta. A bar injin ya yi zafi, a cire matatar iska, a rufe wani sashe na bakin kafireta da tafin hannu, fuska nesa da ita. Injin mai lafiya zai shaƙe ya nemi mutuwa. Wanda ke shan iskar sata kuwa sai ya daidaita, har ya ɗan ƙara gudu, domin an rage masa abin da ya yi masa yawa. Daga nan a ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan a bi da shi gindin kafireta da gaɓoɓin manifol, ana sauraron tsaki siriri. A matse tiyoyi ɗaya bayan ɗaya da filaya. Wanda aka matse injin ya natsu, shi ne ko abin da ke ƙarshensa. Na dalko a cire shi a zuƙa da baki, in iska na zuwa ba tsayawa, robar ta mutu. Wasu na ɗiga fetur a gaɓoɓi don jin ko gudun injin zai canja. Dabarar tana aiki, amma ban yarda da ita ba kusa da salansa mai zafi da wayoyin buji masu tartsatsi, alhali ruwan sabulu a gorar feshi yana nuna wurin ba tare da an kira gobara ba. Mai agogon auna zuƙa kuwa zai ga allurar injin mai lafiya ta tsaya cak tsakanin inci 17 da 21 a ralanti.

Ba na cewa kafireta ba ta taɓa yin laifi. Man kwalba na bakin hanya yana zuwa da yashi da ruwa, jet ɗin ralanti kuma raminsa bai fi bakin allura ba. In ya toshe, alamunsa sak na iskar sata ne. A hura shi da iska, kada a tsokane shi da waya, domin waya na faɗaɗa ramin, mota ta koma shan mai har abada. Idan kuma baƙin hayaƙi ake gani, buji ya yi baƙi ƙirin, ana jin warin ɗanyen fetur, to wannan ɗaya ciwon ne: mai ya yi yawa, a duba bulbulin cikin kwano da allurarsa, a duba matatar iska ko ta cushe. Kafin duk wannan ma, a tabbatar wuta na zuwa kan lokaci kuma an gyara tazarar bawul, don ba a saita kafireta a kan injin da wutarsa ta karkace.

Abin da ke damuna da rufe ciwo da sukuri shi ne kuɗin da yake ci a ɓoye. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, man da ke tsallako iyaka ya daina araha, kowace lita da aka ƙona a banza daga ribar manomi take fita. Sannan tsagar da ke reshe ɗaya na manifol silinda ɗaya ko biyu take cuta. Ƙarin man da aka buɗe ya yi wa sauran yawa, su kuwa masu ciwon suna ci gaba da ƙuna da zafi fiye da ƙima, bujinsu fari fat, har ranar da bawul ɗin fitar hayaƙi zai ƙone a ce sai an sauke kan injin.

Gyaran gaskiya kuwa sau da yawa bai wuce guntun tiyo sabo da gasket ba. Gindin da ya lanƙwashe ana shimfiɗa takardar yashi a kan gilashi, a goga shi a hankali har ya baje, a ɗaura notin bi da bi a gicciye ba tare da tsanantawa ba. Injin ban-ruwa da ke ƙugi a garkar albasa ma haka yake: in ya ƙi tsayawa sai da cok a ja, a fara duba 'yar robar da ke tsakanin kafiretarsa da kan injin.