Rakun: ɓarawon dare a gidajen Amurka da Kanada

Baƙon da zai zo Toronto ana ba shi labarin sanyi da tsadar haya. Labarin rakun kuwa sai ya wayi gari ya tarar da sharar gidansa a warwatse tun daga bakin ƙofa har titi. Rakun naman daji ne na Arewacin Amurka, ya ɗan ɗara ƙosasshen muzuru girma, da baƙin zane kewaye da idanu, da jela mai zobe-zobe. Da dare yake yawo. Abin da ya fi ɗaure mini kai hannuwansa ne: yatsu biyar-biyar, yana ɗaga murfi, yana zare sakata, yana ɓamɓare katakon rufi idan ya ruɓe.

A 2016, zamanin magajin gari John Tory, hukumar birnin ta fara raba sababbin mazuban shara masu mariƙin da sai an murɗa suke buɗewa. Aikin ya ci wajen dala miliyan 31 ta Kanada. Ba a jima ba aka ga hotunan rakun yana kayar da mazubin, ya murɗa mariƙin, ya ci abinsa. Mutanen gari suka yi ta dariya, ni ma na yi.

Amma maganar lafiya ba ta dariya ba ce. Rakun yana da ɗabi'ar zaɓen wuri guda ya mayar da shi masai: gindin bishiya, kan rufi, ko cikin yashin da yara ke wasa. A cikin kashinsa akwai ƙwayayen wata tsutsar ciki da ido ba ya gani. Bayan mako 2 zuwa 4 a ƙasa sai su zama masu cutarwa, kuma suna iya shekaru ba su mutu ba. Idan yaro mai rarrafe ya kai ƙasar baki, tsutsar na iya bin jiki har ido ko ƙwaƙwalwa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma idan ya faru ɓarnar babba ce. Yawancin magungunan wanke ɗaki ba sa kashe ƙwayayen, zafi ne ke kashe su. Don haka mai kwashewa sai ya sa safar hannu da takunkumi, ya ɗaure kashin a leda, ya kwarara tafasasshen ruwa a wurin. Kada a share shi a bushe ƙura ta tashi.

Sai ciwon haukan kare, wanda ba baƙo ba ne gare mu. A gabashin Amurka rakun na cikin manyan masu ɗauke da shi, kuma yadda ya bazu abin lura ne. Da can a Florida da maƙwabtanta ya tsaya. A ƙarshen shekarun 1970 masu farauta suka kwaso rakun daga can suka saki a yankin Virginia don su sami abin farauta, ashe da masu ciwon a ciki. Daga nan ya yi ta tafiya arewa har ya tsallaka Ontario a 1999. Yanzu da jirgin sama ake watsa wa rakun abinci mai ɗauke da rigakafi a dazuzzuka. Wanda rakun ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira.

Wannan tarihin ne ya sa ba na goyon bayan dabarar da ta fi saurin zuwa wa mutum a rai, wato a ɗana tarko, a kama, a kai daji mai nisa a zubar. A Ontario doka ma ba ta yarda a saki wanda aka kama a wurin da ya wuce kilomita 1 ba. Sannan mai kutsawa cikin silin tsakanin Maris da Yuni galibi uwa ce da ta zo haihuwa. Ka ɗauke ta, 'ya'yan su mutu da yunwa a saman kanka, warinsu ya hana ka barci, ramin da ta shiga kuma yana nan yana jiran wani.

Na ga yadda masu sana'ar fitar da rakun ke yi a gidan wani maƙwabcina. Mutumin ya hau da tocila, ya lalubo 'ya'yan cikin audugar rufi, idanunsu ma ba su gama buɗewa ba, ya sa su a akwati mai ɗumi ya ajiye a kan rufin kusa da ramin. A bakin ramin ya kafa wata 'yar ƙofar waya da ke buɗewa ta waje kaɗai. Da dare uwar ta fito, ta nemi komawa ta kasa, ta yi ta zagaye har ta ji kukansu. Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa ɗaukarsu a baki zuwa wata maɓoya, don dama ba ta rasa wurin ko-ta-kwana. Sai da ya tabbatar babu saura sannan ya toshe ramin da ragar ƙarfe. Wasu ma ba sa kiran kowa: fitila mai haske da rediyo a kunne kusa da maɓoyar kan sa uwar ta kwashe 'ya'yanta da kanta.

Sauran aikin na mai gida ne. A sa wa bututun hayaƙi murfi, a sare reshen da ya taɓa rufi, kada a bar abincin kyanwa ya kwana a waje, shara kuma a fitar da ita da safen ranar kwasa. 'Yan'uwa da ke New York ko Toronto da ƙananan yara, ku riƙa duba tsakar gida kafin ku sake su wasa, kuma komai kyan ɗan rakun a ido, kada ku bari yaro ya miƙa masa hannu.