Yadda harsashi mai matsi fiye da kima ke cin ƙaramar bindiga a ɓoye

A shekarar 1985 rundunar sojin Amurka ta zaɓi fistol ƙirar Beretta 92F, ta raɗa mata suna M9. Ba a je ko'ina ba, a 1987 da 1988, sai marfin ƙarfen da ke saman wasu bindigogin, wanda ke zamewa baya idan an yi harbi, ya riƙa karyewa, har ɓallinsa ya raunata wasu sojojin ruwa a fuska. Kamfanin ya ɗora laifin kan harsasai masu matsi fiye da kima, sojoji kuma suka zargi ingancin ƙarfen. Daga bisani aka fito da samfurin 92FS, wanda ke tare marfin ko da ya karye.

Idan albarushi ya kama wuta a cikin kwanso, iskar da ke tura harsashin gaba ita ce ke dukan sassan bindigar baya. Ƙungiyar SAAMI mai tsara ma'auni a Amurka ta ƙayyade matsin harsashi mai milimita 9 a kan fam 35,000 a kowane inci murabba'i. Mai alamar +P yana kaiwa 38,500, wato ƙarin kashi 10 cikin 100. Mai alamar +P+ kuwa ba shi da wata iyaka da ƙungiyar ta amince da ita.

Ɓarnar ba a rana ɗaya take bayyana ba. Sifirin da ke mayar da marfin mazauninsa ne ke fara laushi. Da ya saki, sai marfin ya riƙa dukan gangar jikin bindigar da ƙarfi, ƙarfen da ke kulle bututu ya soma tsagewar da ido ba ya gani, ƙugiyar da ke fizgo kwanso ta lalace. Bindigar za ta ci gaba da harbi lafiya lau, sai ranar da aka fi bukatarta ta cije.

Don haka batun bai tsaya kan mai riƙe da makami ba. Ya shafi jami'in da ke sa hannu a takardar sayen harsasai, da hadimin da ke zama gefen ɗan sandan rakiya a mota. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a duba ko kamfanin da ya ƙera bindigar ya amince da irin harsashin, a guji kwantan kayan da ba a san ma'auninsu ba, domin araha ba ta ado. Sannan ma'ajiyar makamai ta riƙa rubuta yawan harbin kowace bindiga, tana sauya sifirin a kan lokaci.