Hunturu a Tambuwal da Kebbe: Kimiyyar Ɗumin Ɗaki, Kunu Mai Zafi da Karatun Dare

Gabatarwa

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, rayuwa takan sake kama a Tambuwal da Kebbe da garuruwan da ke kewaye da su, kamar Dogon Daji, Jabo, Sanyinna da Kuci. Hazo yakan lulluɓe sama, jaura ta riƙa kaɗawa, hirar dandali ta ragu, kowa ya shige ɗaki da wuri. Lokaci ne da aka gama kaka, rumbuna suka cika, aikin gona ya yi sauƙi ga wanda ba ya noman rani. Saboda haka babu lokacin da ya kai shi daɗin zaman gida, da cin abinci mai zafi, da buɗe littafi. Sai dai kuma a wannan lokaci ne neman ɗumi yake jefa wasu iyalai cikin haɗari. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa ɗalibai da malamai inda sanyin yake fitowa, da yadda ɗaki da abinci suke ɗumama jiki, da kuma yadda za a ci ribar daren hunturu ba tare da an yi asarar rai ba.

Daga ina ɗari yake zuwa?

Iskoki biyu ne suke karɓa-karɓa a kan ƙasar Hausa. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi, ita ce mai kawo damina. Ɗayar kuwa tana busowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Idan damina ta wuce, iyakar da ke tsakanin iskokin biyu takan ja da baya zuwa kudu, har ta kusanci gaɓar teku a watan Janairu, sai iskar hamada ta mamaye mu. Mafi yawan ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take, wanda tsohon gindin wani makeken tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce.

To, me ya sa iskar da ta fito daga hamada take kawo sanyi? Amsar tana cikin bushewarta. Da rana ƙasa tana shan zafin rana, da dare kuma ta mayar da shi sama. Tururin ruwa da gajimare suna aiki kamar bargo, suna tare wani kaso na wannan zafi su dawo da shi ƙasa. A hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, wato bargon ya yaye, zafin ya tsere. Ga kuma hazo yana rage ƙarfin hasken rana tun da farko. Ƙasa tana ci gaba da hucewa dare farai, shi ya sa ɗari ya fi tsanani da asuba, ba da tsakar dare ba. A yankin Sakkwato ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 15 da asubar Janairu, wani lokaci ƙasa da haka, sa'an nan ya haura digiri 30 da azahar.

Ɗakin ƙasa da ɗakin kwano

Zafin jikin ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen digiri 37. Jiki kansa murhu ne, kuma aikin ɗaki da tufafi shi ne hana zafin da yake samarwa gudu. Zafi yana gudu ta hanyoyi huɗu: ta taɓa abu mai sanyi, kamar kwanciya a daɓen siminti, ta iska mai kaɗawa, ta haskawa zuwa bango ko rufi mai sanyi, da kuma ta bushewar ruwa ko gumi a kan fata.

A nan hikimar maginan gargajiya take bayyana. Katanga mai kauri ta tubalin ƙasa, da soron da aka rufe da azara da yumɓu, suna shan zafin rana a hankali, su kuma sake shi a hankali. Zafin da bango ya sha da azahar sai bayan sa'o'i yake isa cikin ɗaki, daidai lokacin da ake bukatarsa. Jinkar ciyawa kuwa iska take tarewa a tsakanin tsirranta, iskar da ba ta motsi kuma ba ta barin zafi ya ratsa ta da sauƙi. Kwanon rufi akasin haka yake: siriri ne, ƙarfe ne, yana zafi nan take, yana hucewa nan take. Mai ɗakin kwano zai sami sauƙi ƙwarai idan ya sa silin, ko da na tabarma ko zana ne.

Wannan ka'ida ita ce ta tufafi. Gwado ko bargo ba ya samar da zafi ko kaɗan. Iska yake tarewa. Riguna biyu ko uku marasa kauri sukan fi ɗaya mai kauri, domin akwai iska a tsakaninsu. Shimfiɗar ƙasa tana da muhimmanci kamar mayafi. A fi kula da jarirai da tsofaffi: jariri yana da faɗin fata mai yawa idan aka kwatanta da nauyinsa, don haka yana saurin hucewa, kuma hula da safa suna yi masa amfani sosai.

Kaskon wuta: aboki mai kisa

Jin ɗumi a bakin wuta tsohuwar al'ada ce, amma shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta ganganci ne. Idan gawayi yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yakan fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Garwashin da ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita. A cikin jininmu akwai sinadarin himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. Wannan guba tana manne masa da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi.

Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Akan ɗauke su a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko shafar iskokai. Idan mutane da yawa a ɗaki ɗaya suka kamu a lokaci guda, a fara zargin kasko ko janareta. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da su sarari, a garzaya asibiti. Hanya mafi aminci ita ce a ji ɗumi a tsakar gida, a kashe wutar sarai kafin a kwanta, a kuma ajiye janareta nesa da ɗakin kwana. Kashe wuta yana da wani amfanin: a hunturu jinka da zana da karan rumbu duk sun bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi unguwa.

Cunkoso a ɗakin da aka toshe yana da tasa illar. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, abin da yake sauƙaƙa wa ƙwayar cutar sanƙarau shiga jiki. A annobar 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2017 ma cutar ta yi ɓarna a jihohin Zamfara da Sakkwato. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da take kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar. A bar wa ɗaki kafar shan iska, a kuma karɓi allura idan ta zo, domin rigakafi ya fi magani.

Kunu, ɗumame da yaji

Kowa ya san daɗin kunun gyaɗa ko koko da ƙosai da sanyin safiya. Amma shin zafin kunun ne yake ɗumama mu? Bari mu yi lissafi. Kofi mai giram 300, idan ya huce daga digiri 60 zuwa 37 a cikin ciki, zafin da zai bayar bai wuce kilokalori 7 ba. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari, giram 4, yana ɗauke da kilokalori 16. Ashe zafin kofin yana faranta wa hannu da maƙogwaro ne, amma ɗumin gaske daga abincin da jiki zai ƙona yake fitowa. Kowane giram na sitaci, irin na gero da dawa da shinkafa, yana ba da kimanin kilokalori 4. Haka ma furotin na wake. Mai kuwa yana ba da 9. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, shi ya sa kunun gyaɗa yake riƙe ciki. Makyarkyatar da ake yi idan ɗari ya tsananta dabara ce ta jiki: tsoka tana motsi don ta samar da zafi, wannan kuma yana cin abinci. Ɗalibin da ya tafi makaranta bai karya ba zai fi jin sanyi, hankalinsa kuma ya rabu.

Kaurin kunu yana hana shi jujjuyawa a cikin kwano, don haka ya fi shayi daɗewa da zafi. Ɗumamen tuwo da miyar kuka karin kumallo ne mai kyau, muddin an tafasa miyar sosai, tuwon kuma ya yi zafi har ciki.

Yaji fa? A cikin barkono akwai wani sinadari da yake taɓa jijiyoyin da suke jin zafi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka baki ya ƙone. Masanin Amurka David Julius da abokan aikinsa ne suka gano wannan kafa a 1997, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 2021. Yaji yana sa jin zafi, har ya kawo gumi, gumi kuwa sanyaya jiki yake yi. A sa citta da kanumfari da masoro don ɗanɗano, amma kada a ɗauke su madadin abinci. Kada kuma a manta da ruwa: ƙishirwa takan ragu a hunturu, alhali busasshiyar iska tana ɗebe ruwan jiki a kowane numfashi. Man kaɗanya yana rufe fata ya rage kaushi da faso.

Karatun dare

A ƙarshen Disamba tsawon yini a Tambuwal bai wuce awa 11 da minti 25 ba, wato dare ya fi na tsakiyar damina da sama da awa ɗaya. Babu zufa, sauro ya ragu. Garin kuwa ba baƙon karatu ba ne, domin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda ya zauna a ribaɗin Tambuwal, malami ne kuma mawaƙi. Almajirai sun daɗe suna karatu a gefen wuta da dare, su maimaita da asuba. Kimiyya ta goyi bayan wannan tsari. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a sa'o'in farko, kuma maimaici a lokuta dabam-dabam ya fi haɗiye karatu a zama ɗaya. Binciken baya-bayan nan ya tabbatar da cewa barci yana ƙarfafa abin da aka koya. Awa ɗaya bayan isha'i da rabin awa bayan asuba sun fi kwana ido biyu.

Hasken da bai wadata ba yana gajiyar da ido. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi aci-balbal, don ba ta hayaƙi, ba ta jawo gobara. Bayan littattafan aji, a nemi na nishaɗi: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda gasar 1933 ta haifar, da Magana Jari Ce, da Ikon Allah, littafin kimiyya da Imam da Rupert East suka rubuta. Idan ɗaya ya karanta a bayyane sauran suna saurare, fitila guda ta ishi gida, kamar yadda tatsuniyar kaka take isar jikoki.

Kammalawa

Ga gwaji ga malaman kimiyya: a zuba ruwan zafi daidai wa daida a gwangwani biyu, a naɗe ɗaya da tsumma, a bar ɗaya tsirara. Ɗalibai su auna zafinsu kowane minti biyar har rabin awa, su zana sakamakon. Su kuma auna ɗakin ƙasa da na kwano da asuba. Abin da za su gani shi ne darasin hunturu gaba ɗaya: ɗumi mai aminci yana samuwa ne daga cikar ciki da tare zafin jiki, ba daga garwashin da aka kulle a ɗaki ba. Ɗalibin da ya fahimci haka ya koma gida ya bayyana wa iyayensa, domin mai yiwuwa da wannan ilmi ya ceci ran wani kafin bazara ta shigo.