Kayan gadon Hausawan Legas: Wa zai faɗi darajarsu kafin ’yan gwangwan su ɗora su a sikeli?

Tun shekarar 1979 tashar BBC take nuna shirin Antiques Roadshow, inda mutanen Birtaniya ke fito da tsofaffin kayan da suka gada, masana su duba, su faɗi inda aka yi su da zamaninsu da kuɗin da za su yi a kasuwa. Amurka ta soma nata a 1997.

Da za a kafa irin wannan rumfa a Ebute Metta ko Agege, da ba a rasa abin nunawa ba.

A Ebute Metta hedikwatar jiragen ƙasa ta Najeriya take, kuma tun da layin dogo ya isa Kano a 1911 fataken goro da na shanu suka riƙa sauka a Legas, wasu suka kafa iyali. Da su kayan gida suka zo: Alƙur’ani rubutun hannu a cikin gafaka, riga mai aska takwas, takobi, tasoshin tagulla na Bida da kwanonin jeren kakanni.

Ranar rabon gado ake gane inda gizo ke saƙar. Gida da fili suna da dillalan da suka san farashinsu, amma tsohuwar tasa ba ta da mai yi mata ƙima. Sau da yawa a hannun ’yan gwangwan take ƙarewa, su kuwa nauyin ƙarfe kawai suke biya. Magada sun yi asarar kuɗi, zuriya ta yi asarar tarihi.

Abin mamakin shi ne Hausawa ba baƙi ba ne a wannan sana’a. Sun daɗe da yin fice wajen dillancin kayan gargajiya daga Kasuwar Kurmi ta Kano zuwa Legas da Abijan. Sai dai dillali mai saye ne, ribarsa tana cikin rashin sanin mai kaya. Masanin da ke talabijin ba saye ya zo yi ba, shi ya sa ake gaskata maganarsa.

Duk wanda zai shirya irin wannan shiri a nan sai ya yi la’akari da doka. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta sanya aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta haramta cinikinsu sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, kuma ba a fita da su ƙasar waje sai da izini. Don haka tambayar da ta fi dacewa da mu ita ce: mene ne wannan, kuma yaya za a adana shi?

Masu kallon shirin na BBC sun san cewa labarin kaya yana ƙara masa daraja: wa ya yi shi, wa ya mallake shi, ta wace hanya ya zo. A gidajenmu wannan bayani yana bakin tsofaffi, kuma da su yake tafiya.

Ba sai an jira kyamara ba. Iyali na iya zama da dattijansu su rubuta asalin kowane abu, su ɗauki hotonsa, su raba takardu da damshi da gara, sannan su nemi shawarar ma’aikatan gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, kafin su saurari tayin kowa.