Yini Ɗaya A Tuddan Sikotlan

A wannan mako za mu yi nisa, mu leƙa Sikotlan, watau ƙasar da ke arewa da Ingila. Waɗansunku za su bi mazansu zuwa can, waɗansu kuwa 'yan makaranta ne, karatu zai kai su. To, idan Allah ya kai ki, kada kwanakinki su ƙare tsakanin ɗaki da kanti. Akwai motoci da ke tashi daga Edinbara, babban birnin ƙasar, su kai baƙi kallon gidajen sarakunan da da ƙasar tuddai, su komo da almuru. Kowace mota da ja-goranta, shi ke nuna wurare yana ba da labarinsu. Amma ki riƙe wannan: ja-gora ya fi son labarin sarakuna da yaƙi. Labarin mata yana nan, sai kin tambaya za ki ji shi. Matambayi kuwa ba ya ɓata.

Bayan tafiyar kamar awa ɗaya za ki hangi gidan sarautar Stirling. An gina shi da dutse a bisa wani ƙaton dutse, ga ganuwa ta kewaye shi, gefe uku duk gangare ne wanda doki ba ya iya hawa. Ƙarƙashinsa kogin Forth ke wucewa, a nan kuma mashigar arewa take, saboda haka wanda ya riƙe gidan nan ya riƙe ƙasa. Ja-gora zai nuna miki inda aka gwabza da mutanen Ingila a 1297, da filin Bannockburn inda Sarki Robert Bruce ya kore su a 1314. Ki saurara da kyau. In ya gama, ki ce ya nuna miki madafi.

Madafin yana ƙasa, sai an sauka da matakala. An yi siffofin masu aiki daidai girman mutum, wannan yana gasa burodi, wancan yana gyaran nama. Abin da zai ba ki mamaki, masu girkin sarki yawancinsu maza ne da yara maza. Ki dubi girman murhun, ki tuna itacen da ake ci kullum da ruwan da ake ɗauka a hau dutse da shi. Uwargidan da ta taɓa girkin biki ta san wannan ba wasa ba ne.

Daga nan ki shiga ɗakunan sarauniya, domin a nan babban labarin yake. A watan Disamba na 1542 aka haifi wata yarinya, Meri, 'yar Sarki Jemis na Biyar. Kwananta shida a duniya uban ya rasu, sarauta ta faɗo kanta. Sarkin Ingila, Henri na Takwas, ya ƙwallafa rai sai an ba ɗansa ita, don ya haɗe ƙasashen biyu a hannunsa. Uwarta, wata Bafaranshiya da ake kira Meri ta Guise, ga ta baƙuwa, ga takaba, ga jaririya. Ta ɗauko 'yarta ta kawo ta Stirling inda ganuwa ta fi ƙarfi. A nan aka naɗa yarinyar ran 9 ga Satumba 1543, tana da wata tara, ko tafiya ba ta fara ba.

Da aka hana Henri abin da yake so, sai ya aiko da yaƙi, aka ƙone Edinbara a 1544. Uwar ta ga ko Stirling ba ta isa ba, a 1548 ta sa 'yarta a jirgin ruwa zuwa Faransa, tana da shekara biyar. Ita kuwa ta zauna tana tsare mata gadon sarauta, har ta zama mai riƙon ƙasa a 1554. Sau ɗaya tak ta je ta gan ta. Ta rasu a 1560, 'yar ta komo a 1561 ta tarar babu uwa. Ke da kika taɓa raka 'yarki tasha za ta makarantar kwana, kin san ɗan abin da matar nan ta haɗiye. Ƙarshen Meri bai yi daɗi ba, an sare kanta a Ingila a 1587. Amma ɗanta Jemis shi ya hau gadon Ingila a 1603, watau abin da Henri ya nema da takobi, jikan matar nan ya same shi ba da yaƙi ba.

In mota ta bar Stirling ta nufi yamma, za ku wuce tafkin Menteith. Ki dubi tsibirin da ke tsakiyarsa, a can aka ɓoye Meri 'yan makonni a 1547, sa'ad da mayaƙan Ingila suka matso. Daga nan hanya sai hawa, tana lanƙwasa kamar maciji. Kin shigo ƙasar tuddai ke nan. Duwatsu ne kan duwatsu, hazo ya rufe kawunansu, ƙoramu suna gangarowa fari fat. A watan Agusta wani ɗan tsiro yakan yi fure, tudu duka ya koma ruwan shuni-shuni. Za ki ga shanunsu masu dogon ƙaho, gashi ya rufe musu ido.

Kowa zai ce kai, wurin nan da kyau, shiru babu kowa. Ke kuwa ki tambaya, ina mutanen? Tun daga wajen 1750 har wajen 1860, masu ƙasa sun ga tumaki sun fi talakawa kawo kuɗi, suka tashi ƙauyuka da yawa, musamman can arewa da yamma. A Strathnaver, a 1814, har wuta aka sa wa gidaje. Dubban mutane suka haye teku zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya. In kin ga kangon dutse a gindin tudu, ki san wata mata ta taɓa hura wuta a ciki, ta yi goyo, ta shanya wanki a ƙofarsa.

Zango na gaba tafkin Katrine ne, ruwansa garau kamar madubi. Wannan ruwa shi ne a famfunan birnin Gilasgo. A da mutanen birnin ruwan kogi mai dauɗa suke sha, cutar amai da gudawa ta kashe dubbai a 1832 da 1848. Sai aka haƙa wa ruwan tafkin hanya ta cikin duwatsu, mil 26, yana gangarawa da kansa ba inji. Sarauniya Biktoriya ta buɗe aikin a 1859. Da cutar ta sake ɓullowa a 1866, kaɗan ta kashe a Gilasgo. Ashe ruwa mai tsabta ya ceci 'ya'ya fiye da yadda ganuwa ta ceta.

Ga 'yar shawara kafin ki tashi. Ki ɗauki rigar sanyi da ta ruwa ko da rana ta fito, gama sararin can ba shi da alkawari. Ki sa takalmi marar tsini, daɓen dutse yana da santsi. Ki riƙe guzurinki, don ba kowane ƙauye za ki sami abincin da ya halatta gare ki ba. In ja-gora ya ce a komo mota ƙarfe kaza, ki riga kowa. Ku kuma 'yan makaranta, ku tafi da littafi da fensir, ku rubuta abin da kuka gani, ku komo ku karanta wa iyayenku mata.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.