Tsohon Tulun Gilashi: Wa Ya Ƙera Shi, Kuma a Ina?

Duk wanda ya taɓa kai tsohon tulun furanni na gilashi wurin dillalan tsofaffin kaya ya san yadda ake yi. Dillali zai kife tulun, ya shafa gindinsa, ya ƙyasta masa farce ya kasa kunne, sannan ya yanke hukunci: ɗan Italiya ne, ya haura shekara ɗari. Ka matsa shago na gaba, a ce maka ɗan Faransa ne. A cikin maganganun nan akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma ƙarya tsagwaronta.

Mu fara da gindin. Sau da yawa za ka ga wani tabo a tsakiya kamar cibiya, wani lokaci da kaushi har yana kama yatsa. Ana cewa shi ne shaidar tsufa. Ba haka ba ne. Idan maƙeri ya busa gilashi, yakan manna sandar ƙarfe a gindin don ya riƙe tulun ya gyara bakinsa, in ya gama sai ya ɓalle sandar, tabon ya rage. Abin da cibiyar ke faɗa shi ne aikin hannu ne, shi ke nan. Tulun da aka busa jiya ma yana da ita. Haka zancen 'yan ƙwayoyin iska da ke maƙale cikin gilashi. Mai shakka ya dubi awarwaro da duwatsun wuya da maƙeran Masaga a Bida suke yi da narkakkun kwalabe: aikin bana ne, amma ba ya rasa ƙwayar iska. Ita kuma gaɓar da ke saukowa a gefen tulu, wadda ke nuna a mazubi aka yi shi, ba ta sa shi zama sabo, domin tun shekarun 1820 ake danna gilashi a mazubi a Amurka.

Sunan da ya fi yawo a bakin dillalai shi ne Murano. Wuri ne na gaske, tsibiri kusa da birnin Banis a Italiya, inda hukumar birnin ta mayar da matoyar gilashi a 1291. Sai dai Murano ba kamfani ɗaya ba ne, maƙera ne barkatai, kuma da yawa daga cikin kayansu ba su zo da sa hannu ba, sai 'yar takarda da aka liƙa, wadda wanki biyu ke ɗaukewa. Tambarin hukuma na Vetro Artistico Murano dokar 1994 ce ta kafa shi. Saboda haka rashinsa a jikin tsohon tulu ba aibu ba ne, ganinsa kuma a jikin wanda ake cewa na zamanin kakanni ne ya isa ya sa ka tsaya. Launi mai ɗaukar ido kaɗai ba ya kai tulu Murano. Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, ta daɗe tana fitar da irinsa, masana'antun Sin ma haka.

To, sa hannu fa? A nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, don a jikin tulu babu abin da ya fi shi sauƙin ƙarawa. Émile Gallé, gwanin birnin Nansi a Faransa, ya rasu a 1904, amma masana'antarsa ta ci gaba da fitar da kaya da sunansa shekaru da dama bayan haka. A 'yan shekarun farko ma an riƙa sa tauraro kusa da sunan. Ke nan tulu na iya zama na gidan Gallé ba tare da idon mai gidan ya taɓa ganinsa ba. Ga kuma kwaikwayon da aka yi ta yi a Romaniya, mai ɗauke da kalmar TIP kusa da sunan, wadda ma'anarta "irin na" ce. Marasa tsoron Allah sukan goge haruffan ukun nan, su bar sunan. Na Lalique ya fi ban dariya: kayan zamanin René Lalique suna ɗauke da "R. Lalique", bayan rasuwarsa a 1945 aka cire harafin R. Harafi ɗaya tak ke ɗaga farashi, don haka ake samun masu karce shi da kansu. In ka ga R ɗin bai yi zurfi ɗaya da sauran haruffa ba, ko ya ɗan kauce layi, ka riƙe kuɗinka.

Zancen launi yana da ƙanshin gaskiya. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 an yawaita zuba sinadarin manganis don gilashi ya yi garau, kuma irin wannan in ya daɗe a rana yakan juye shunayya mai haske. Amma ana iya haska masa tururin nukiliya ya yi shunayya mai duhu cikin ɗan lokaci, don haka launin da ya cika kauri abin tuhuma ne. Shi kuma gilashi mai ruwan ɗorawa-ɗorawa da ke ƙyallin kore a ƙarƙashin fitilar duba jabun kuɗi, gaskiya ne akwai ɗan yuraniyom a cikinsa. Tun shekarun 1830 ake yinsa a Bohemiya, kuma ba a daina ba. Ba wata dukiya ce ɓoye a ciki ba, kada wani ya ruɗe ka ka fasa.

Maganar cewa gilashi yana zubowa ƙasa a hankali, shi ya sa tsohon tulu ke da kaurin gindi, ƙarya ce. Haka aka ƙera shi don ya tsaya. Ƙarar da yake yi in an ƙyasta kuwa tana iya nuna akwai dalma a haɗinsa, ba ta faɗin sunan kowa.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne wanda ba a cika kulawa da shi ba: sunan ƙasa. Ƙasashe suna da ranar haihuwa. Tulun da aka rubuta wa "Czechoslovakia" bai girmi 1918 ba, don kafin nan babu ƙasar, kuma ta rabu biyu a ƙarshen 1992. Mai "West Germany" yana tsakanin 1949 da 1990. Wannan ba ya ba ka sunan maƙeri, amma yana rufe bakin mai cewa shekara ɗari biyu. Sai kuma gogewar gindi: tulun da ya yi shekaru ana jan sa a kan tebur, ƙujewarsa ta ko'ina take, babu tsari, wanda aka goga da takardar yashi, layukansa duk gefe ɗaya suke bi. Daga nan sai a kwatanta siffarsa, tsayinsa da adonsa da tsofaffin kundin kayan kamfanoni. Sau da yawa binciken yakan tsaya ne a yanki da zamani, ba a kai ga suna ba, kuma masanin kirki ba ya jin kunyar faɗin haka.

In kana da irin tulun nan a kabad, kada ka kankare takardar da ke jikinsa komai dattinta, kada ka zuba masa tafasasshen ruwa. Ka ɗauki hotonsa har da gindi, sannan ka tambayi dattijon gidan da ya san wanda ya kawo shi, daga wace tafiya, a wace shekara, ka rubuta tun yana nan.